Haƙorin Yaya Khadija

Bodinga,
ranar Lahadi.

Ƙawata Basira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman makarantar kwana, ya haƙuri da tuwonsu? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Gwaggo Kaltume ta kawo min littafin nan mai jan bango da kika ba ta ranar kasuwar Shagari. Na karanta rabi na ajiye, kuma ba don bai yi daɗi ba. Hankalina ne ba ya jikina.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, don Yaya Khadija ta hana. Yanzu ta ce in ina son in faɗa wa wani in faɗa miki, tunda ke ba ki da surutu. Kin tuna shekarar da mashin ya kayar da ita a hanyar Sifawa, ta yi watanni tana rufe baki da gefen hijabi? Haƙorinta na gaba na sama a wurin ya fita. Wanda kike gani yanzu, wanda kika taɓa cewa ya fi sauran kyau, dashe ne. Ba irin na roba da tsofaffi ke cirewa su jefa a kofi ba. Kawu Arzika, ƙanen Inna mai fataucin albasa, shi ya kai ta birni wurin wata likita, Dakta Zainabu. Aka dasa mata saiwar ƙarfe cikin ƙashi, aka jira ƙashin ya kama ta, sannan aka ɗora haƙorin a kai aka ɗaure da ɗan sukuru. Sukuru fa, Basira, irin na ƙafar tabarau. Duk littattafan da muka karanta, kin taɓa ganin yarinyar da ke da sukuru a baki? Kullum haƙora ne farare a jere, da wushirya, in ta yi murmushi saurayi ya manta abin da ya kawo shi.

To, haƙorin ya fara motsi.

Ranar Alhamis ina riƙe mata hadda a gindin darbejiya, sai na ji wani ɗan fito yana bin harafin sinun a karatunta, siriri, kamar iska a ƙofar langa-langa. Ta tsaya, ta maimaita, ya sake fitowa. Ta sa yatsa ta taɓa haƙorin, na ga idonta ya canza. Da na matsa kusa ni ma na gani, yana rawa kaɗan, gaba da baya. Ashe ya daɗe da farawa, ta yi shiru. Kin san halinta, ba ta zama karatu sai ta yi asuwaki, kuma da haƙoran gaba take tattauna bakin iccen har ya yi laushi. An hana ta tun farko, ta kiyaye na ɗan lokaci, ta koma.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne musabaƙar yanki da za a yi can garinku a ƙarshen wata. Izu sittin za ta shiga, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe, don baɗi shekarunta sun wuce iyakar da aka sa. Tun ina rarrafe take wannan hadda. Kin san alƙalai ba hadda kawai suke saurare ba, har mafitar kowane harafi. Haruffa nawa ne harshe ke jingina da haƙoran nan na gaba kafin su fito? In haƙori ya kauce, harafi ya kauce, sai su buga ƙararrawar kuskure.

Mun kira asibitin, aka ce likitar ta yi tafiya, sai wani satin. Wadda ta ɗauki wayar ta ce kada a ci komai da shi, kuma mai yiwuwa a cire haƙorin a aika da shi gyara. Da Yaya ta ji kalmar cirewa sai ta shige ɗaki ta ja labule. Ta tuna watannin da ta yi da giɓi, ko malaminta ba ta iya yi wa karatu.

Yau da safe tana kurkure baki sai wani ɗan farin abu ya faɗo, da ɗigon auduga. Ashe ciko ne da aka toshe wani rami a bayan haƙorin. Baba yana shirin fita rumfarsa ta gyaran agogo, ya ce ta buɗe baki ya gani. Ya ɗauko gilashin nan nasa na ido ɗaya ya maƙala, ya ce in haska masa da fitilar waya. Ya daɗe yana leƙe. Da ya ɗago sai na ga yana murmushi, irin wanda yake yi in an kawo masa agogon da kowa ya gaza. Ya ce, "Wanga ai aikina na. Sukuru na mai kusurwa shida, ya kwance." Inna tana tankaɗe ta ce, "Malam, bakin ɗiya ba agogo na ba." Ya ce ai bai ce zai yi komai ba.

Amma ya fita da hoton ramin a wayata, Basira.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Nana Aisha ta ɗakinku.

Taki har kullum,
Mufida Haliru.

Bodinga,
ranar Laraba.

Basira tawa,

Sallama da gaisuwa. Da fatan jarrabawar gwajin ta zo da sauƙi, kuma ciwon kan nan ya sake ki. Yau ina da albishir.

Baba ya gyara haƙorin!

Wuni guda ya yi a rumfa yana goge bakin wani sukudireba da magagari, har ya fitar masa da kusurwa shida. Ya dafa shi a ruwan zafi, ya goge da sabon ƙyalle. Jiya da hantsi, lokacin da rana ta cika tsakar gida, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Yaya ce da kanta ta roƙe shi, kada ki ce shi ya matsa. Ta ce gara hannun mahaifinta da a cire mata haƙori ana gab da musabaƙa. Ta kwanta ta ɗora kai a matashi, ni na durƙusa ina haska fitila, Inna ta shige madafi ta ƙi fitowa, amma ina jin ba ta taɓa ko ludayi ba.

Ban taɓa kallon hannun Baba kusa haka ba. Yatsun manya ne, duk kanta, amma da ya riƙe ɗan ƙarfen nan sai suka tsaya cak, ko numfashinsa ba ka ji. Ya yi bisimilla ya murɗa a hankali. Ya ce da Yaya in ta ji zafi ta ɗaga hannu. Ba ta ɗaga ba. Ya murɗa har ya tsaya, sannan ya ƙara masa ɗan kaɗan. Ya ce haka maigidansa ya koya masa tun yana yaro: ka ɗaure har ya tsaya, ka ƙara kaɗan don hanya. Ya toshe ramin da auduga mai tsabta.

Yaya ta tashi ta taɓa, haƙori ƙam. Ta ja shafi guda a nan zaune, sinun da sadun suna fita tas kamar an wanke su. Inna ta leƙo tana share ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne, alhali ba ta hura wuta ba. Baba kuwa ya naɗe kayansa ya fita, sai da ya kai zaure na ji yana waƙe-waƙensa. Kafin azahar duk layin masu agogo da teloli sun ji labari. Wai har wani tsoho ya zo rumfa ya buɗe masa baki, Baba ya ce nasa na Allah ne, ba shi da sukuru.

Ke dai bari, ni a raina har na fara tsara littafi. Uba talaka mai hannu mai albarka, ɗiya mai murya, sai ranar musabaƙa wani saurayi mai farar shadda yana can bayan taro ya ji karatu ya kasa tashi. Kada ki yi min dariya. Har suna na ba shi, amma ba zan rubuta ba, kada Gwaggo Kaltume ta ba wani ya karanta mata.

Zan zo tare da Yaya ranar musabaƙar. Ki roƙi uwar ɗakinku ko za a bar ki ki fito, ko da bakin ƙofa ne.

Taki,
Mufida.

Ƙari: Na rubuta wannan tun ranar Laraba, Gwaggo ba ta zo karɓa ba sai yau Juma'a. Basira, ya sake motsi. Kaɗan ne, ba kamar da ba. Yaya ta ce kada in gaya wa Inna. Baba ya ce ba komai, bai ɗaure sosai ba ne don yana jin tausayinta, gobe zai ƙara masa. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Bodinga,
ranar Asabar.

Basira,

Assalamu alaikum, ina fatan kina lafiya. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa da munin rubutu.

Ya karye.

Tabarmar rannan, matashin rannan, ni da fitila. Baba ya murɗa har ya tsaya. Ya ƙara kaɗan. Ya taɓa haƙorin da yatsa, ya ce har yanzu da saura, ya gyara zama ya sake ƙarawa. Sai na ji ƙas, ƙarami ƙwarai, bai kai ƙarar karyewar tsinken ashana ba. Sukudireban ya juya a banza a hannunsa. Haƙorin ya sulluɓo ya faɗo kan harshen Yaya, ta tashi da sauri ta tofa shi a tafin hannu. Fari tas, da ɗan wuyan ƙarfe a gindinsa, da rabin sukuru a ciki. Ɗaya rabin yana can cikin saiwar, cikin ƙashinta.

Ba jini, ba zafi. Da ma an yi jini, da mun sami abin yi da hannunmu.

Baba ya cire gilashin daga idonsa, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ɗauko hantsaki ya ce bari ya gwada ciro guntun, sai Inna ta fito ta tsaya tsakaninsa da Yaya. Ban taɓa ganin ta yi masa haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai, "Ya isa, Malam." Ya ajiye hantsakin.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure haƙorin a bakin hijabinta, ta ce in ɗauko mata karatu mu ci gaba. Ta ja layi biyu, fiton nan ya cika tsakar gida, fa'un ɗinta kamar mai hura wuta. Ta tsaya. Ta ce in rufe Alƙur'anin.

Baba bai fita kasuwa ba, bai ci abinci ba. Yana zaure, duk wanda ya yi sallama sai ya ce a ce ba ya nan, alhali ana ganin takalmansa. Kawu Arzika ya zo da la'asar ya tsaya a kansa yana ta faɗa, wai mi ya kai mai agogo bakin mutum, gobe kuma sai ya buɗe cikin wani ya sa batir. Ni da na saba jin dariya in Kawu yana tsiya, yau sai na ji kamar in toshe kunne.

An ce likitar ta dawo. Jibi za mu tafi, ni da Yaya da Baba, a motar Kawu. Wadda ta ɗauki waya ta ce kada kowa ya sake taɓa wurin, don in zaren da ke cikin saiwar, wato tsagin da sukuru ke murɗuwa a ciki, ya lalace, ko bakinta ya tsage, sai an fasa ƙashi an ciro ta gaba ɗaya a fara daga farko. Watanni ke nan. Musabaƙa kuwa Asabar mai zuwa ce.

Na mayar miki da littafinki, ban iya ƙarasawa ba. Ki yi mana addu'a bayan kowace salla.

Mufida.

Bodinga,
ranar Talata.

Ƙawata ta kaina Basira,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Na ga 'yar takardarki, na gode da addu'a da kuma alewar, na ba Yaya ta ce sai dai ta tsotsa. Ya jikin Nana Aisha? Allah ya ƙara sauƙi. Bari in ba ki labarin jiya tun daga farko.

A mota Kawu ya kunna rediyo. Ni a hanya ina ta zana likitan a raina, na manta ma an ce mace ce. Kin san yadda suke a littafi, dogo, mai sanyin murya, da agogon azurfa. Sai ga wata gajeriyar mata mai jiki, da tabarau a kan hanci, tana tafe tana cin gyaɗa. Ta dubi Yaya ta ce, "Ke hafizarmu, me kika yi wa aikina?" Da aka ba ta haƙorin ta juya shi a hannu, ta ga sawun ƙarfe a bakin ramin, ta ɗago ta ce wane gwani ne ya shiga nan. Baba ya miƙe tsaye ya cire hula, ya ce shi ne. Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ba ta yi masa faɗa ba, ta ce ya zauna. Aka ɗauki hoton ƙashi, sannan ta ɗauko wani babban haƙorin gwaji da ake warwarewa ta nuna mana. Kashi uku ne ashe. Saiwar da ke cikin ƙashi tana da baki kamar mazurari. Wuyan da ke ɗauke da haƙorin yana shiga cikin bakin nan ya zauna daram, ƙarfe a jikin ƙarfe. Sukurun kuwa aikinsa ya ja su ya matse. Ta ce ƙarfin haƙorin yana wurin zaman nan na wuya cikin baki. Idan suka zauna daidai, nauyin tauna a jikin saiwa yake sauka. Amma da zarar ya kwance ko kaɗan, duk cizo a kan ɗan sukurun yake faɗawa, yana lanƙwasa shi gaba da baya kamar yadda muke yi wa waya in muna son tsinke ta. Haƙorin gaba kuma ba a miƙe nauyi ke zo masa ba, a karkace yake zuwa, balle a sa masa icce ana ja. A nan ta harari Yaya ta saman tabarau, Yaya ta sunkuyar da kai.

Ta ce da Baba sukurun ya riga ya gaji tun kafin ya taɓa shi, irinsa ba a sake ɗaure shi, sauya shi ake yi. Kuma ƙura da ɗan nama sun shiga tsakanin ƙarafan, shi ya sa duk yadda ya murɗa bai zauna ba. Shi dai ya ƙarasa shi ne. Baba ya ce, "Na ƙarasa shi ɗin."

Sai aikin ciro guntun. Ta ce in ya juya, an tsira. In Baba ya cusa shi har ya ciji zaren ciki, sai an haƙa da injin, kuma a nan ake rasa saiwa. Ta kwantar da kujerar, ta sa wani tabarau mai dogon hanci, ta ɗauki ƙarfe siriri kamar allura tana taɓa kan guntun tana tura shi baya. Ya ƙi. Ta sa wani abu mai tsuwa da ke girgiza shi, ta koma ga allurar. Ya ƙi. Na riƙe ƙafar Yaya, ina jin yatsunta suna nannaɗewa cikin safa. Gumi ya jiƙa wuyan rigar likitar. Mai taimaka mata ta tambaya ko a haɗa injin, ta ce a dakata. Baba yana jikin bango, leɓensa yana motsi, hularsa a matse a hannu kamar zai tatse ta.

Ban san tsawon lokacin ba. Can sai na ji ta ce, "Yauwa, taho, ɗan albarka." Ya motsa. Ta bi shi a hankali, a hankali, har ya fito ta ɗora shi a kan auduga. Basira, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wannan ɗan abin ne ya hana gidanmu cin abinci. Ta leƙa ciki ta daɗe, ta ce zaren yana nan lafiya, bakin saiwar bai tsage ba. Baba ya zame ya zauna a ƙasa.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Sukurun ainihi irin na wannan saiwar ba ta da shi, sai an aiko daga Legas, kuma ba zai iso kafin Asabar ba. Abin da take da shi na gwaji ne, wanda ake amfani da shi lokacin ƙera haƙori, bai kai wancan ƙarfi ba. Ta ce zaɓi biyu ne. A rufe saiwar a jira, babu haɗari ko kaɗan, amma Yaya za ta je musabaƙa da giɓi ko ta haƙura. Ko kuma a ɗaura haƙorin da na gwajin na 'yan kwanaki. Zai iya riƙewa in ba a ci komai da shi ba. In kuwa ya karye, ba ta yi alkawarin za a sake yin sa'ar yau ba.

Baba ya ce a rufe a jira. Ya ce shi ya jawo, ba zai yarda a sake jefa ta a haɗari ba. Yaya ta tashi zaune, da giɓinta, ba ta rufe baki ba, ta ce, "Baba, kai ka fara kai ni makarantar allo a kafaɗarka. Ka bar ni in ƙarasa." Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Likitar ta wanke wurin, ta zaunar da wuyan, ta sake ɗaukar hoto don ta tabbata ya zauna. Sannan ta ɗauko wani ɗan sifana mai awo a jiki ta kira Baba ya matso ya gani. Ta murɗa, ta murɗa, sai sifanan ya yi ƙas ya karye wuya. Ni da Baba muka zabura tare, don irin ƙarar ranar Asabar ce. Ta yi dariya ta ce sifanan ne, haka aka yi shi, in ya kai awon da aka sa masa sai ya saki. Baba ya ce to ba za a ƙara kaɗan ba? Ta ce, "Malam, an ƙera shi ne don ya hana hannu ƙara kaɗan ɗin nan." Ya karɓa ya jujjuya shi ya daɗe, ya mayar mata da hannu biyu.

Yanzu Yaya kunu da fura kawai take sha, da cokali, ta gefe. Inna ta tattara duk asuwakin gidan ta kai maƙwabta. Karatu yana fita lafiya, amma duk sinun da ta ja sai in kasa kunne in ji ko fiton ya dawo. Baba ya koma rumfa, sai dai har yanzu ba ya haɗa ido da ita.

Sai mun zo. Taki,
Mufida.

Bodinga,
ranar Lahadi.

Basira, ƙawar arziki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta zo garinku ba ta gan ki ba. Na tsaya a ƙofar makarantarku, maigadi ya ce ba ranar ziyara ba ce. Na hango wasu masu shuɗin hijabi can wajen famfo, na zaɓi ɗaya na ce ke ce, na ɗaga mata hannu.

A makarantar firamaren da ke kusa da kasuwa aka yi. Mata a ciki, maza a waje ƙarƙashin rumfa, an sa musu lasifika a kan icce. Ta taga ina hango Baba a ƙarshen benci, shi kaɗai bai jingina ba. Alƙalai uku, na tsakiya da ƙararrawa a gabansa. Wadda ta riga Yaya, wata 'yar garin Mandera, murya kamar ruwan randa, ba a buga mata ko sau ɗaya ba.

Da aka kira Khadija Haliru Bodinga sai ta miƙe. Ta hau ta zauna, na ga ta taɓa bayan haƙorin da harshe. Aka ja mata baƙi na farko, wato farkon ayar da za ta ɗora a kai, ta kama. Basira, ni ban ji daɗin karatun ba sam, ban ma san inda ake ba. Haruffa kawai nake bi. Ga sinun nan tafe, ya wuce. Ga sadun, ya wuce. Ga wurin da suka taru a jere, harshe yana dukan haƙorin nan sau bayan sau, ina ganin ɗan sukurun a idona yana lanƙwasa. Ta wuce tas. Baƙi na biyu ma haka. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta faɗin masha Allah, ni kuwa na cije bakin hijabina har ya jiƙe.

A baƙi na uku ƙararrawa ta buga.

Yaya ta tsaya. Na ga ta rufe baki, ta runtse ido, na ce shi ke nan, ya faɗo, yana kan harshenta. Na waiga taga, sai na ga Baba ya tashi, ya saka takalmi, ya bi ta bayan rumfa ya nufi hanyar tasha. Kafin in juyo Yaya ta buɗe baki ta koma baya kaɗan ta ɗauko ayar, haƙori yana nan fari a wurinsa. Ashe ayoyi biyu ne masu kama da juna, ta zarce cikin 'yar'uwar. Ta gyara da kanta ta ci gaba, murya ma ta fi ta farko sakewa.

Baba bai ji wannan ba, ya riga ya yi nisa da lasifikar.

Kin san ni, ko a aji aka ce in karanta sai muryata ta maƙale. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mata na fita ba. Na ratsa ta tsakiyar rumfar maza, takalmi ɗaya a ƙafa, malamai da manyan gari suna kallona, ina ƙwala kira, Baba, Baba! Na cim masa wajen masu lemu. Ya juyo, fuskarsa kamar wanda ya dawo daga maƙabarta. Na ce, "Ba haƙorin ba ne, hadda ce! Yana nan!" Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya kama hannuna kamar ina ƙaramar yarinya muka dawo da sauri, muka tsaya a gindin iccen lasifikar, ni kaɗai mace a wurin, har ta kai aya ta ƙarshe.

Ta biyu ta zo. 'Yar Mandera ce za ta wakilci yanki a jiha. Da aka karanta sakamako, a tajwidi ba a rage wa Yaya komai ba, kuskuren haddar nan ne kawai ya raba su. Na ɗauka za ta yi kuka, ni na riga na fara nawa. Sai ta fito ta durƙusa gaban Baba a bainar jama'a ta ce, "Ka ji ko? Ni na yi kuskurena da kaina, ba hannunka a ciki." Ta yi masa murmushi har haƙorin ya bayyana. A nan ne ya dube ta, karon farko tun ranar tabarma. Ya ɗora hannu a kanta, ya kasa sa albarkar da ƙarfi.

Saurayi mai farar shadda bai zo ba, ko kuma ya zo ya ga wata mahaukaciya da takalmi ɗaya ya fasa. Ɗaya takalmin ma ban same shi ba. In kin ji an tsinci silifa ruwan hoda a garinku, nawa ne.

An kira daga asibiti, sukurun Legas ya iso, gobe za a sa. Baba ya ce zai raka mu, yana son ya sake ganin sifanan nan. Yau da safe an kawo masa tabarau a gida yana ɗaure masa sukurun ƙafa, ina zaune ina kallo. Ya murɗa har ya tsaya. Na ga yatsunsa sun yi kamar za su ƙara, sai ya ɗago ya dube ni, ya ajiye sukudireban.

Ki aiko min da littafin nan mai jan bango, yanzu zan iya ƙarasa shi. Inna da Yaya suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Mufida Haliru.